Ɗiyata ba ta taɓa kwana asibiti ba, ina ta samo ƙwayar da ba ta jin magani?

Maman Nana: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Ɗiyata mai shekara huɗu ta yi sati biyu tana zazzaɓi, in za ta yi fitsari sai kuka. Mun ba ta amoksisilin na ruwa, shiru. Aka canza mata kotiri, shiru. Da aka yi awon fitsari aka shuka ƙwayar, takarda ta fito da jerin magunguna, kusan kowane da harafin R a gabansa. Likita ya ce ma'anarsa ƙwayar ba ta jin su. Ya tambaye ni ko ta taɓa kwanciya asibiti, na ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ba. Sai ya ce, "Kuna kiwo a gida?" Na ce e, kaji goma sha biyu, awaki biyu da ragon Malam. Ya gyaɗa kai kurum ya ci gaba da rubutu. Mi ya haɗa akuyata da fitsarin ɗiyata?

Hajiya Baraka: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Lawali mai kaji: Amin. Amma fa likitocin nan in abu ya gagare su sai su nemi wanda za su ɗora wa. Wane gida ne a Maradi babu akuya? Daga Bagalam har Ali Ɗan Sofo ka shiga gida goma, ka ga nawa ne ba turke. Kakanninmu da awaki suka kwana ɗaki ɗaya, ba su san wani R ba.

Rabe mahauci: Jikinta ne ya saba da maganin. Ni ma parasetamol biyu ba ya yi mini komi yanzu.

Majo Hadiza: Malam Rabe, nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da wasu ma'aikatanmu. Ba jikin yarinyar ya saba ba. Ƙwayar ce ta saba. Jaririn da aka haifa jiya, wanda ko ɗigon magani bai taɓa sha ba, yana iya kamuwa da irin wagga ƙwaya, kuma maganin ya ƙi ci a jikinsa. Ƙwayar da taurinta ta zo. Tambayar Maman Nana ita ce daidai: daga ina ta zo?

Lawali, kakanninmu sun kwana da awaki, gaskiya ne. Amma ba su fasa kafso ja da rawaya suna zubawa a ruwan kaji ba.

Lawali mai kaji: To Majo in ban zuba ba su mutu? Kin san nawa ɗan tsako yake kafin ya iso gonata ta hanyar Tibiri?

Dokta Isuhu: Bari in shigo, tunda maganar ta taɓa aikina na dabbobi. Maman Nana, likitanki bai ce akuyarki ce ba. Tambaya ya yi, kuma tambaya ce mai kyau. Ga yadda abin yake.

Ƙwayar da ta fi kawo ciwon fitsari sunanta E. coli. Gidanta hanji ne, na mutum, na akuya, na kaza, na saniya, duka. Tana zaune can lafiya lau ba ta cutar da kowa, sai in ta ɓata hanya ta shiga mafitsara ko jini. Duk ranar da aka ba mai rai antibiyotik, wato maganin kashe irin waɗannan ƙwayoyin, ko don wane ciwo ne, maganin na bi ta hanjin, ya kashe masu rauni, ya bar masu tauri. Su kuma fili ya samu, sai su hayayyafa, su fito cikin kashi. Daga nan ki dubi tsakar gidanki da kanki. Kaza ta yi kashi bakin randa, yarinya ta zauna ƙasa tana wasa, ta ɗauki ƙosai ta kai baki. Ko akasin haka: aka zubar da fo ɗin yaro bayan ɗaki, kaji suka bi suna tsattsaga. Hanyar biyu ce. Mu ma muna ba su, ba su kaɗai ke ba mu ba.

Abdul-Aziz ɗalibi: Dokta in ƙara kaɗan, don wannan ne muke karantawa bana a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne taurin ba gado kaɗai ba ne. Kun san ƴan tauri, yadda babba ke ba yaronsa laƙani ko da ba shi ya haife shi ba? To haka ƙwayoyin nan suke. Akwai wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, ƙwaya na kwafe shi ta miƙa wa maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Kuma zobe ɗaya kan ɗauki laƙanin magani uku ko huɗu a haɗe. Shi ya sa za ka ba kaza tetirasaiklin kaɗai, amma ƙwayar da ta tsira ta zamo ba ta jin kotiri da amoksisilin ma. Ƙwayar kazar ba sai ta zauna cikinka ba. Ta ratsa kurum ta bar wa taka laƙanin, ta wuce.

Rabe mahauci: Kai yaro, ƙwayar ma ƴar tauri ce? To sai mu nemo mata makaɗi 😂

Kabiru Jibiya: Hahaha Rabe ba ka da dama.

Lawali mai kaji: Duk wannan karatun Turawa ne. A nan Maradi wa ya taɓa aunawa?

Majo Hadiza: An auna, Lawali, kuma a garin nan. Akwai binciken da aka wallafa a 2011, wanda aka yi kan yara 55 masu tamowa mai tsanani da aka kwantar a wata cibiyar kula da su a Maradi. Ranar da suka shigo, tun kafin su kwana, kashi 31 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar hanji mai karya manyan magunguna irin su seftiriyakzon. Kusan ɗaya cikin uku ke nan, kuma daga gida suka zo da ita. Waɗanda suka shigo babu ita, da aka sake auna wasunsu ranar sallama, kashi 94 sun ɗauka. Ka ga asibiti na ƙara wa wutar itace, amma da garwashinta ta zo daga gari. Kuma yaran nan in an sallame su ina suke komawa? Tsakar gidan nan dai da Dokta ya faɗa.

Lawali mai kaji: Binciken ya ce daga kaji ne?

Majo Hadiza: A'a, ba a kan dabbobi aka yi shi ba. Ba zan yi maka ƙarya ba.

Lawali mai kaji: Yawwa.

Dokta Isuhu: Kada ka yi saurin yawwa, amma kana da ɗan gaskiya kuma zan ba ka ita. A Holan an yi lissafi, aka wallafa a 2019, kan inda mutanen gari ke samo irin wagga ƙwaya. Kusan kashi 60 daga mutum ne zuwa mutum. Abinci bai kai kashi 20 ba, taɓa dabbobin gona kuwa kaɗan ne ƙwarai. Don haka mai cewa dabba ce tushen komi ya yi ƙari. Sai dai ka tambayi kanka: mutum nawa ne a Holan ke kwana da rago a bakin ƙofar ɗaki? Can gona daban, gida daban, kowa da bayan gida mai ruwa, madara an dafa ta a masana'anta. Nan jar akuyarmu ta Maradi ƴar gida ce, tare da yara take girma, daga kwanon da aka ci tuwo take lasa. Lissafinsu ba zai zauna daidai a kanmu ba.

Kuma akwai wuraren da aka kama abin dumu-dumu. A Amurka an daɗe ana ba kaji enrofuloksasin a ruwa, har ƙwayar gudawa da ake kira Campylobacter, wadda mutane ke ɗauka daga naman kaza, ta fara ƙin jin sipro, maganin da ake ba mutane. A 2005 hukumarsu ta hana ba kaji shi. Enrofuloksasin da sipro ƴan gida ɗaya ne, a jikin dabba ma wani ɓangarensa komawa sipro yake. Lawali, je ka duba kwalaben da ke shagonka na gona ka gaya mini ko babu shi.

Lawali mai kaji: Akwai. Kowa na da shi.

Abdul-Aziz ɗalibi: Ga kuma na kolistin. Magani ne da likitoci ke ajewa sai komi ya ƙi. A ƙasar Sin an riƙa zuba shi cikin abincin dabbobi don su yi saurin girma. A watan Nuwamban 2015 masu bincike suka bayyana wani laƙanin ƙin jin kolistin da suka kira mcr-1, sun same shi a aladu, a naman kasuwa, da jikin marasa lafiya. Cikin ƴan watanni aka riƙa ganinsa ƙasa bayan ƙasa. A 2017 Sin ta hana zuba kolistin don ƙiba. Tarayyar Turai kuwa tun 2006 ta hana ba dabba kowane antibiyotik don girma kawai. Amma ku karanta bayan ƴan fakitin garin maganin nan da ake saida wa masu kaji da sunan bitamin. Wasu za ka ga an haɗa kolistin da wasu magunguna biyu ko uku a ciki, mai saye bai ma san antibiyotik ya saya ba.

Sani mai tebur: To na ga an kusa zuwa kaina, gara in yi magana da kaina. Shekara goma sha ɗaya ina saida magani. Mace ta zo da dala arba'in a hannu, ɗanta na gudawa, asibiti na da nisa, in ta je ma takarda za a rubuta mata ta jika biyar. In ce mata mi? Ta koma ya mutu? Ina ba ta kafso huɗu daidai kuɗinta. Mai akuya ma haka. Ƙauye nawa ne ke ganin malamin dabbobi sau ɗaya a shekara? Ku masu albashi magana na yi muku sauƙi.

Majo Hadiza: Malam Sani, ban raina maganarka ba, wallahi. Ni a karkara nake aiki wajen Madarunfa, na san abin da kake faɗi fiye da yadda kake zato. Rashin magani ma na kisa, kuma a ƙasar nan yana kisa sosai. A jihar Doso an gwada ba ƙananan yara azitiromaisin sau biyu a shekara, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a garuruwan nan kuma an ga ƙwayoyi masu ƙin jin dangin maganin sun ƙaru. Kowane amfani da kuɗinsa. In za a biya wannan kuɗin don ran yaro, na yarda. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a biya shi a banza.

Kafso huɗun nan naka, gudawar yara galibi birus ne ke kawo ta, antibiyotik ba ya taɓa birus. Abin da ke ceton yaron ruwan gishiri da sukari ne da zinki, kuma dala arba'in ɗin nan ta kusa isa. In kuma bakteriya ce da gaske, huɗu ba su isa su gama da ita ba. Ta kowace fuska an yi asara.

Sani mai tebur: In na ba ta gishiri da sukari gobe wurin wani za ta. Kafso suke so.

Majo Hadiza: Wannan kam gaskiya ne.

Kabiru Jibiya: Kafin wani ya ce daga wajenmu maganin ke shigowa, ni dai na riga na faɗa, ku ke zuwa saye.

Rabe mahauci: Ba wanda ya kira sunanka Bakatsine, ka tsargu da kanka.

Kabiru Jibiya: Mahauci da bakin magana, kai da ake jira a zo kanka.

Mai kula da zaure: Jama'a a bar wasan nan haka, yarinya na kwance. A koma kan magana.

Hajiya Baraka: Ni tambayata ta nono ce. Shekara ashirin ina dama fura. Akwai lokacin da mai kawo mini madara daga rugga za ta kawo, in zuba tsohon nono in rufe kamar kullum, gari ya waye bai kama ba, ruwa tsululu. Da na matsa mata sai ta ce an yi wa saniyar allura. Yana da alaƙa da wagga magana?

Dokta Isuhu: Hajiya, kin yi awon da ɗakin gwaji ke karɓar kuɗi a kai. Abin da ke sa nono ya kama ƙwayoyi ne masu amfani. Maganin da ya fito cikin madarar ya kashe su, shi ya sa bai kama ba. Wanda bai kai ya hana kamawa ba kuma, shi ne muke sha da fura ba mu sani ba.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai saurar magani cikin nama, madara da ƙwai. Akwai kuma ita ƙwayar mai tauri. Wuta na kashe ƙwayar, naman da ya dahu sosai ko madarar da aka tafasa babu ita. Amma wuta ba ta gama da saurar magani duka. Maganin wannan jira ne kawai. Kowace kwalba ta kirki an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha madara. Oksi mai dogon aiki, wato oksitetirasaiklin na allura, wanda masu turka suka fi so, yawanci sati uku ne ko fiye kafin yanka.

Kuma tunda layya na matsowa bari in faɗi wadda ke damuna. Oksi na kashi 20, mililita ɗaya ne ga kowane kilo goma na dabba. Mutum zai dubi rago mai kilo sittin ya ja mililita biyu ya soka, wai don kwalba ta kai wata. Wani kuma ragon lafiyarsa lau, yana cin harawa da dusa, amma sai an yi masa allura duk sati biyu wai ya yi ƙiba ya yi sheƙi. Na farko ya koya wa ƙwaya tauri, na biyu ya koya mata a kyauta.

Rabe mahauci: To na ji an ce ana jirana. Ni ba zan ɓoye ba. Dabba in an yi mata allura kwana biyu ba ta tashi ba, mai ita ba zai tsaya ta zama mushe ba. Sa mata wuƙa zai yi ya kira mu, mu saya da sauƙi. In ka feɗe kana ganin wurin allurar a cinya, ya yi rawaya-rawaya, wani har wari yake. Mai tsoron Allah ya yanke wurin ya yar. Amma saniya guda a ce a binne? Wa zai biya shi?

Dokta Isuhu: Ba wanda zai biya shi, shi ya sa ba a binnewa. Na gode da ka faɗa da bakinka. Yanke wurin allurar ya rage, amma maganin ya riga ya bi jini, ya fi taruwa a hanta da ƙoda. Abin da ke hannunka kai, Malam Rabe, shi ne wuƙa da tebur. Wuƙar da ta fasa tumbi da hanji, in ita ce ta yanka tsoka ba a wanke ba, ka shafa wa naman duk abin da ke cikin hanjin. A gida kuma uwargida ta yanka ɗanyen nama a faranti, ta yanka tumatir da albasar kwaɗo a kansa. Naman zai shiga wuta, kwaɗon ba zai shiga ba.

Malam Habu na garka: Ina karantawa tun ɗazu ban ce komi ba, sai da aka ambaci kwaɗo. Mu a Jiratawa kashin kaji muke saye buhu-buhu daga masu gona irin su Lawali, muna zuba wa zogale da salati da shu. Babu takin da ya kai shi. Yanzu shi ma laifi ne?

Dokta Isuhu: Ba laifi ba ne Malam Habu, ɗanyensa ne matsala. Kaso mai yawa na maganin da aka ba kaza yana fita cikin kashinta da ƙarfinsa, ga kuma ƙwayoyin. In ka tara shi tsibi, ka yayyafa ruwa, kana juyawa har ya ɗau zafin da ba ka iya tura hannu ciki, ka bar shi ya ruɓe wasu makonni, mafi yawan ƙwayoyin sun mutu. Zogale ana dafawa, da sauƙi. Salati ne abin ji, don ɗanye ake ci. Kuma da damina duk abin da ke ƙasa, na mutum da na dabba, Gulbi yake gangarawa, ya cika tabkunan da yara ke wanka, shanu ke sha.

Malam Habu na garka: Tsibin muna yi in akwai lokaci. In kasuwa ta matso kuwa, sai dai Allah ya kyauta.

Abdul-Aziz ɗalibi: Don a san girman abin: ƙididdigar da aka wallafa a mujallar Lancet a 2022 ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba su jin magani. Kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne kan gaba, wajen mutum 27 cikin kowane dubu 100.

Lawali mai kaji: Dokta bari in tambaye ka tsakani da Allah, ba gardama ba. Duk hunturu annoba na shigowa, kaji su riƙa murɗe wuya suna zawo kore, cikin kwana uku ka kwashe gawa a baro. In ban ba su magani tun kafin ta zo ba, mi zan yi?

Dokta Isuhu: Wadda ka kwatanta ta yi kama da Niyukasal, kuma birus ce. Ko buhun oksi ka juye musu ba zai tare ta ba. Rigakafi ke tare ta, kuma kuɗinsa bai kai na garin da kake zubawa ba. Wanda kake ganin ya yi maka aiki shekarun baya, kajin da za su tsira ne suka tsira. Ka riƙe rigakafi a kan lokaci, ka canza shimfiɗa kafin ta jiƙe, ka rage cunkoso, ka hana dillalai shiga ɗakin kaji da takalman da suka zaga kasuwa. In wasu sun kamu da ciwon da ke buƙatar antibiyotik, a ware su a ba su cikakke. Ba na ce ka daina ba su magani ba. Na ce ka daina ba masu lafiya.

Lawali mai kaji: Zagaye ɗaya zan gwada, ɗaki ɗaya cikin uku. In suka mutu zan kawo maka su ofis a baro.

Dokta Isuhu: Kawo, amma da takardar rigakafin a sama.

Maman Nana: Na gode ƙwarai jama'a, sai yanzu na samu na karanta duka, muna wurin allura. Dokta, tunda kowa ya faɗi tasa, ni ma bari in faɗi tawa. Watan jiya da kajina suka yi mura, ragowar amoksisilin ɗin Nana na wancan ciwon na zuba musu a ruwa. Kuma ita ke ɗebo mini ƙwai kullum da safe, har tana sumbatar wata farar da ta sa wa suna. Ke nan ni na jawo mata?

Majo Hadiza: Kada ki ɗora wa kanki, ƴar'uwa. Ba mai iya ce miki daga kazar ne, ko daga yayanta, ko daga rijiya, ko daga salatin bakin titi. Sai an auna su duka an gwada, kuma ba a yin haka don mutum ɗaya. Amma ragowar da kika ce, ita ma abin dubawa ce: in magani ya yi ragowa, sau da yawa ba a gama shan sa yadda aka rubuta ba. Wannan karon ki bari a kammala allurar har ta ƙarshe ko da ta tashi tana gudu. Ki ba ta ruwa da yawa, in za ki yi mata tsarki daga gaba zuwa baya, sabulu bayan ɗibar ƙwai da kafin cin abinci. Ki aje takardar awon nan da kyau, duk ranar da ciwon ya dawo ki tafi da ita.

Maman Nana: In sha Allah. Zazzaɓin ya sauka tun jiya da dare, yau har ta sha kunu ta nemi ƙari. Saura allura uku. Kajin zan mayar da su bayan ɗaki in kewaye. Ragon ne Malam ya ce ba mai matsar masa da shi daga inda yake ganinsa ta taga, saboda ɓarayi.

Hajiya Baraka: Alhamdu lillahi. Ragon kam ki bar shi, kwanansa nawa ya rage.

Maman Nana: Haka ne Hajiya. Lawali, wayar raga ta kewaye kaji, nawa mita yanzu a babbar kasuwa? Kamar mita takwas nake so.

Lawali mai kaji: Kada ki saya, ina da ragowa a gona. Turo yaro gobe bayan la'asar ya zo da kabu-kabu.